Kawu Agogo

Ƙarfe huɗu da rabi a Duluth,
ƙanƙara ta cinye rabin tagarmu.
Ni da Gunnar mun durƙusa gaban akwatin
muna jira ya ɗumama.
Ɗigon haske a tsakiya, ya buɗe kamar ido,
sai ga babanmu a ciki,
fari da baƙi, bai fi tafin hannuna ba,
da gashin bakin aro da hula mai ƙararrawa.

Yaran gari Kawu Agogo suke ce masa.
A gida kuwa Arvid ne:
Arvid, kwashe toka. Arvid, kuɗin kwal.

Shagonsa na kwali ne, na taɓa jingina ya yi tangaɗi.
Agogo goma sha ɗaya a bango, duk fenti.
Na gaske ɗaya ne, can bayan kyamara,
shi kaɗai Baba yake tsoro.
Yara ashirin a kan benci, an taje musu kai,
fitilu na gasa su kamar masara.
Ya ɗaga kofin madarar kamfani, wadda zafi ya fara juyawa,
ya shanye, ya lashe leɓe, ya ce babu kamarta.
Cikinsa da madara ba su taɓa ga-maciji ba.

Sai ya murɗa makullin babban agogo: Ku ƙirga da ni!
Uku, biyu, ɗaya,
ga katun ya faɗo,
tsofaffin zanen da sinima ta gaji da su,
tasha ta kwaso a gwanjo:
wata akuya mai tuƙa jirgin ƙasa,
tana bin layin dogo har kan gajimare.
Minti bakwai ke nan nasa na kansa.
Yakan zauna a kan akwaku, ya tuɓe takalmi,
ya sha rabin taba.

Ranar wata Talata majigi ya tauna fim.
Akuya na tsakiyar tsalle, allo ya yi fari fat.
Ba sallama, kyamara ta juyo kansa:
ƙafa ɗaya ba takalmi,
gashin baki na reto a gefe guda,
hayaƙi bai gama fita daga hancinsa ba.
Mama ta saki cokali.

Ya dubi agogon nan na gaske. Ya dube mu.
Sai ya zare safarsa, ya zura hannu,
safa ta buɗe baki ta ce: Ina akuya?
Ya ce ta sauka shan shayi.
Safa ta ce ƙarya ne, an kore ta daga aiki.
Yaran benci suka kece da dariya, wani har da faɗuwa.
Ya zana jirgi a bayan kwalin madara,
ya ja shi da hannu, yana kukan jirgin da bakinsa.
Minti huɗu. Biyar.
Dabara ta ƙare, saura lokaci.

Ya matso har fuskarsa ta cika akwatin,
da muryarsa ta gida, ba ta Kawu ba:
Marlys, in kina kallo,
ban manta da igiyar takalminki na zamiya ba.
Yau zan sayo.

Duk garin ya ji sunana.
Kullum aronsa nake ba su,
ran nan su suka ara mini.

Ba a naɗi komai ba.
Lokacin abin da aka faɗa iska ke kwashewa,
ya bi saman tafki ya wuce.
Da na cika sittin na rubuta wa tashar,
suka aiko da hoto ɗaya, ya rufe ido a ciki.

Gunnar ya ce Alhamis ce, ba Talata ba,
wai safar ma toka-toka ce.
To, komai toka-toka ne a akwatin nan, Gunnar.
Ja ce.
Ni na ɗauko ta daga kan shanya da safen,
da ɗinkin Mama a diddige.

Igiyar kuwa ya sayo.
Ta yi gajarta.
Haka na ɗaura ta har ƙanƙara ta narke.